Lahadi Kaɗai Babanki Ke Shan Magani

Rikoto, Zuru.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya riga ki isa inda za ki, ya tsare ki a tafiya da zama, ya haɗa ki da mutanen kirki a Sakkwato, ya raba ki da sharrin hanya da na baki. Amin.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Yau Lahadi, kin fita sallama gidajen dangi, babanki yana tsakar gida, ni kuma na samu tebur ni kaɗai. Da baki ma zan iya faɗa miki, amma na san halinmu. Kafin in kai rabi kin tare ni da bayani, ni kuma in hau faɗa, babanki ya jiyo mu ta taga, magana ta lalace. Ban da haka, a gidan nan abin da aka rubuta shi ake ji, kamar yadda za ki gani a ƙasa.

Maganar ita ce: tun da damina ta sauka, babanki ranar Lahadi kaɗai yake shan maganin hawan jininsa. Sauran ranakun mako ba ya taɓa shi. Takardar bayanin magani da kika rubuta da Hausa ce mafarin abin, ko da yake ba don in ɗora miki laifi na ɗauki biro ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki miƙe ki nufi inda yake, domin idan kika je masa da zafi, kin ɓata.

Aikin da za ki je yi, a iya fahimtata, shi ne ku auna takardun nan da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani: shin marasa lafiya suna iya karanta su, kuma shin sun gamsu da su. Aiki ne mai kyau, kuma ban taɓa zaton akwai wanda ya damu da waɗannan takardu ba sai da kika gama karatun haɗa magunguna kika zo da maganar. Da rani kin yi gwaji a kanmu. Kin ɗauki takardar maganin babanki mai Turanci, kika mayar da ita Hausa, kika rage mata tsawo, kika ce kwamfuta ta ƙirga tsawon kalmomi da jimloli ta ce ko ɗan firamare zai karanta. Sannan kika bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi, ni da babanki da maƙwabta. Kin dawo kina murna, kin ce kusan kowa ya gane, kusan kowa ya gamsu. Na taya ki murna a lokacin. Abin da na sani game da irin wannan awo kuwa, duk ta hanyar kuskure na koye shi, don haka bari in ba ki kurakuran yadda suka zo mini.

Farkon aikina na koyarwa a Bena aka kai ni, kafin in auri babanki. Yaran ajina yawancinsu yare suke yi a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuwa sai a bakina. Wata rana a darasin kiwon lafiya na koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba yaro mai gudawa. Na rubuta a allo, na zana cokali, na zana kwalba, na maimaita har muryata ta dishe. Da na gama na juyo na ce, "Kun gane?" Suka amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malama." Har na rubuta a littafin darasi cewa an fahimta. Mako na zagayowa, don dai in burge hedimasta, na kawo gishiri da sukari da ruwa na ce su haɗa a gabansa. Abin da suka haɗa, ko akuya ba za ta sha ba. Wasu sun zuba gishiri daidai da sukari, wasu sun juya awon gaba ɗaya. Hedimasta ya ɗanɗana ɗaya, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Yaran ba ƙarya suka yi mini ba. An koya musu cewa idan babba ya tambaya, amsar da ta dace ita ce "e". Manyan da za ki tarar a layin asibiti su ne waɗannan yaran, sun dai girma ne kawai, kuma farar rigar da za ki sa ta fi allina kwarjini. Saboda haka kada ki tambayi mutum ko ya gane. Ki miƙa masa katin ƙwayar a hannu ki ce ya nuna miki abin da zai yi gobe da safe. Idan maganin ruwa ne, ki ba shi cokali ya zuba ki gani. Wannan ya fi cin lokaci, kuma sakamakon ba zai yi kyau a takarda ba kamar wancan.

Na biyu kin sha jin sa, don babanki ba ya gajiya da ba da labarin idan an yi baƙi. Muna bariki a kudu, kina goye, zazzaɓi ya kama ki, aka ba mu maganin ruwa a asibitin sojoji. A layinmu ni ce mai karatu. Matan bariki ni suke kawo wa wasiƙunsu da katin awonsu in karanta musu, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini daɗi. To, da na dawo gida sai na warware takardar cikin kwalin na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Na tarar da jerin illoli: ƙuraje, amai, kumburin fuska, da wasu sunaye da ban taɓa ji ba. Ba inda aka ce wanne ne ke yawan faruwa, wanne ne sai an daɗe ba a gani ba. Duk an jera su kai ɗaya. Na dube ki, na dubi kwalbar, na tura ta bayan akwati. Ban koma na tambayi nas ba, don a ganina wadda ake kawo wa takarda ba ta kai takarda wurin wani. Zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, muka kwana asibiti, nas ɗin ta wanke ni tas a gaban matan da nake karanta wa wasiƙa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, wanda ya iya karatu ba shi ne ya tsira ba. Wanda bai iya ba yakan tambaya, ko ya bi abin da aka gaya masa a taga. Mai karatu kuwa shi kaɗai yake zama da takarda a ɗaki, ya yanke hukunci, ba wanda ya sani. Idan kin ga mutum ya amsa tambayoyinki duka daidai, kada ki sallame shi da sauri. Ki ƙara zama da shi, ki tambaye shi wane layi ne ya fi tsaya masa a rai.

Sai maganar gamsuwa. Kin zo da takarda mai fuskoki a jere, daga mai murtuke zuwa mai dariya, kika ce kowa ya zaɓi wadda ta dace da yadda ya ji. Inna Kulu maƙwabciyarmu, mai sayar da daddawa a kasuwa, ta ɗora yatsa a kan mai dariya tun kafin ki gama bayani. Bayan kin fita na leƙa ta katanga na ce, "Inna, ashe kin gamsu haka?"

Ta ce, "Malama, yarinya ta taho hag gida ta durƙusa ta gaishe ni, ni kau in ɗauko huskar hushi in ba ta? Ai ba a yi."

Na ce, "To takardar fa?"

Ta ce, "Wagga takarda ni ban taɓa ganin irinta ba sai yau. In na tai kemis, yanko mani ƙwaya shikai shi sa a leda, shi ce biyu da sahe biyu da dare. Kwalin nashi na."

Ba zan yi mata dariya ba, don ni ma abin da na yi ke nan. Ranar gilashina ya karye, rubutun bayan takardar kuwa ƙanana ne kamar tururuwa, rabinsa da ka na cike. Amma kina zaune gabana da biro, idonki a kaina, na ga wahalar da kika sha. Sai na zaɓi fuska mai murmushi, wadda ke kusa da mai dariya, don kada abin ya yi yawa. Da wani baƙo ne ya tambaye ni, da na ce masa a ƙara girman rubutun, a kuma daina ninke takarda har sai ta zama kamar laya.

Don haka wanda ya rubuta takarda kada ya zama shi ne mai tambayar ko ta yi daɗi. Idan ba yadda za a yi, to ki ce musu wani ne ya rubuta, ke ma ba ta yi miki ba, su taya ki gano aibinta. Mutanenmu ba sa kushe abin mutum a gabansa, amma idan aka ce na wani ne wanda ba ya nan, za ki ji gyara har ki gaji da rubutu. Kuma kafin ki tambayi mutum ko ya gamsu da takarda, ki fara tambayarsa ko ta taɓa isowa hannunsa. Ki lura kuma da Hausar da kike rubutawa. Ta rediyo ce, mai kyau, amma kakarki a ƙauye da yaren C'lela take tunani, Hausarta ta cin kasuwa ce, kuma irinta suna da yawa a layin asibiti.

Yanzu sai babanki.

Kin tuna ranar da kika gwada shi. Ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya zauna a miƙe kamar mai jiran kwamanda. Ya bi takardar da yatsa layi-layi, kika yi masa tambayoyi ya amsa ba tuntuɓe, kika ce, "Baba, ka cinye duka." Ya zaɓi fuska mai dariya, kuma shi da gaske yake. Shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwayar nan bai taɓa sanin abin da takardarta ke cewa ba, sai ga shi 'yarsa ta rubuto masa da Hausa. Ya roƙe ki ki bar masa ita. Tana cikin jakar fatar nan tasa, tare da takardar sallamarsa daga soja da ta fansho.

A cikinta akwai layin da kika ja masa layi a ƙasa: "Maganin na iya sa jiri. Kada a tuƙa mota ko babur bayan an sha shi." Gajere ne, a fili yake, kwamfuta ta so shi. Da rani abin bai dame shi ba, don ba inda yake zuwa sai majalisar tsofaffin sojoji a bakin titi, da ƙafa yake tafiya. Da ruwa ya sauka kuwa, kin san gonarmu ba a kai mata da ƙafa.

Kuskurena a nan shi ne na ga alama na ba ta wata fassara. Tun da muka yi babur, shi yake goya ni zuwa coci. Sai wata Lahadi ya ce mu taka. Na ɗauka tsadar mai ce. Lahadi ta gaba ma ya ce mu taka, na ce a raina tsufa ya fara sa shi tsoron Allah, yana so ya isa gidan Ubangiji da gumi. Har na yi ta ba matan zumunta labari muna dariya. Ke kuma lokacin kina ta kai da kawowa wajen takardun tafiyarki, ba ki cika zama ba. Sai da na zo share saman kabad na ɗaga katin ƙwayar, wanda ya kamata a ce ya ƙare tuntuni, na ga ko rabi bai kai ba.

Na same shi yana wasa fartanya na ce, "Baban Rifkatu, me ya sa maganinka ba ya ƙarewa?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ina sha."

"Yaushe?"

"Ranar da ba ni hawa babur."

Na ce, "Wace rana ce ba ka hawa babur?"

Ya ce, "Lahadi."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ajiye fartanyar, ya shiga ɗaki ya ɗauko jakar, ya warware takardarki ya ɗora yatsa a kan layin. Ya ce, "Malama, ke ma kin iya karatu. Oda ce. In na sha, ba hawa. In zan hau, ba sha. Gona kuwa ba ta noma kanta."

Na nuna masa inda kika rubuta cewa kada a daina shan maganin sai da izinin likita. Ya ce ai bai daina ba, ga shi yana sha duk mako. A lissafinsa ya bi umarni biyun duka, bai karya ko ɗaya ba, kuma na ga alamar yana jin daɗin dabarar da ya yi.

Daga nan na shiga kuskure na gaba, wanda mace mai shekaruna a gidan soja bai kamata ta yi ba: na ɗauka magana za ta gyara. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kwana biyu ba na ce masa komai sai "ga abinci". Da na ga ba ci gaba, na ja shi asibiti wurin Malama Asabe, mai ba da magani, wadda muke zumuntar mata tare. Ta sa aka auna shi, jinin ya hau sosai, ta kai mu wurin likita, likita ya yi nasa faɗan ya rubuta abin da ya rubuta a kati da irin rubutunsu. Da muka dawo tagarta ta karɓi takardarki ta karanta, ta ce Hausar ta yi kyau. Sannan ta ce masa, "Baba, wannan layin don wanda maganin ke sa wa jiri ne, musamman sabon farawa. Ku da kuka daɗe kuna sha, kun taɓa jin jiri?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Ta ce, "To ku sha kullum da safe, ku hau babur ɗinku. In kun taɓa jin jiri, ku zauna, ku aiko a gaya mana."

Ya miƙe tsaye ya ce, "To, Malama. An gane."

Na dawo gida da sanyin rai. Washegari na ajiye masa ƙwaya da kofin ruwa kusa da kokonsa. Ya sha koko, ya ɗaura fartanya a bayan babur, ya tafi. Ƙwayar tana nan inda na ajiye ta. Ni da na ba ki labarin yaran Bena, ni ce na ji "an gane" na yarda.

Da yamma na tare shi. Ya ce, "Ta faɗa da baki. Wannan a rubuce take."

Na ce, "Ita ce fa mai maganin."

Ya ce, "Na sani. Amma magana ba ta soke takarda. Takarda ke soke takarda."

Ke a bariki aka haife ki, amma kina ƙarama muka baro, don haka ba lallai ki san daga ina wannan ya fito ba. Babanki ya taɓa ganin an kulle abokinsa a gadirum, kurkukun bariki, an cire masa igiyar muƙami, saboda wani hafsa ya ce masa da baki ya bar bakin aiki ya je wani wuri, da abu ya ɓaci hafsan ya ce shi bai faɗa ba. Tun daga ranar, duk abin da aka gaya wa babanki da baki yakan ce "an gane" don ladabi, sannan ya je ya duba abin da ke rubuce. Da wannan hali ya gama aikinsa ba tabo, da shi ya karɓi fanshonsa lokacin da na wasu ya maƙale. Ba zai sauke shi yanzu don ni ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Garin nan kusan kowane gida akwai tsohon soja, kuma yawancinsu hawan jini ya kama su.

Ga abin da awonku bai kama ba. Kun auna ko ya iya karantawa, ya iya. Kun auna ko ya fahimta, ya fahimta. Kun auna ko ya gamsu, ya gamsu har ya adana. Ba wanda ya tambaye shi me zai yi ranar Litinin da safe, ga ƙwaya a tebur, ga gona a nesa, ga ciyawa tana cin dawa. Idan kin isa wurin aikin, ki roƙi shugabanninki su bar ki ki riƙa komawa wurin mutanen bayan 'yan makonni. Kada ki tambaye su komai da farko, ki ce dai su ɗauko miki katin maganin ki gani. Ki tambayi matar gidan ita kaɗai. Ki san abin da mutum yake hawa, da lokacin da yake cin abinci, da yadda yake yi idan azumi ya zo, nasu ko namu. Kuma duk layin da za ki gajarta don ya yi sauƙin karatu, ki karanta shi da idon wanda zai bi shi kamar oda. Watakila su ce ba kuɗin komawa, ko ba lokaci. Ki faɗa dai, cikin ladabi, kuma ki rubuta musu a takarda.

Ba na son in tsorata ki, amma ba zan rage miki ba. Yana yawan riƙe ƙeyarsa da yamma. Idanunsa sukan yi ja. Wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya gaya mini ya ga yana yawan zama gindin ɗorawa da rana tsaka, abin da bai saba ba. Kin san yadda yayansa yake kwance a ƙauye, ɓarin jiki a shanye, sai an juya shi. Ina jin tsoro, Rifkatu. Duk safiyar da na ji ƙarar babur ɗin ta yi nisa, ba na samun natsuwa sai na ji ta dawo.

Ya hana ni gaya miki. Ya ce, "Yarinya ta rubuta ni cikin waɗanda suka ci. Kada ki ɓata mata aiki." Ban ce masa "to" ba, don haka ban yi alkawari ba.

Ga abin da nake so ki yi yau, kafin ki ɗaure kaya. Ki samu farar takarda mai kyau, ba 'yar yage ba. Ki rubuta da hannunki, da manyan baƙaƙe, ki sa kwanan wata a sama. Ki ce wannan takarda ta soke layin babur na takardar farko. Ki ce ya sha ƙwaya ɗaya kowace safiya, har da ranar gona, kamar yadda likita ya ce, kuma yana da izinin hawa babur. Ki ce idan ya ji jiri ya sauka ya zauna, a sanar da asibiti. Ki sa hannu da cikakken sunanki da sunan aikinki. Na yi magana da Malama Asabe bayan sujada, za ta biyo da yamma ta yi miki sallama, ta ce za ta sa hannu a ƙarƙashin naki. Da zan iya da na rubuta da kaina tuntuni, amma ya san rubutuna, kuma a wannan fanni ba ni da igiya ko ɗaya.

Idan za ki ba shi, kada ki ce ya yi kuskure, domin bai yi ba, abin da aka rubuta ya bi. Kada ki ce ke kika yi kuskure, don zai tsaya kare ki har ya ƙi karɓar sabuwar. Kada kuma ki yi kuka. Ki ce masa an sake oda, kin kawo masa tasa. Wannan ya san shi, an sha sake musu oda a bariki, ba wanda ya ji kunya. Ki bar shi ya karanta da yatsansa. Idan ya gama kada ki ce, "Baba, ka gane?" Ki ce, "Baba, gobe Litinin. Me za ka fara yi da safe?" Sai ki yi shiru ki saurara.

Sauran nasiha kin san ta. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita, ki nemi coci tun makon farko, ki gaida na gaba da ke ko da kin fi shi takarda. Zafin Sakkwato ba irin namu ba ne, ki sha ruwa. Na sa miki daddawar Inna Kulu a ƙasan jaka, na naɗe ta sosai, amma kada ki bar ta kusa da farar rigarki.

Tun ɗazu ina jin ƙarar bokiti a tsakar gida. Babur yake wankewa, ya sayo sabuwar roba ta ɗaure kaya, don ya ce ba ɗan kabu-kabun da zai kai 'yarsa tasha yana raye. Jiya na ce masa, tunda tashar ba nisa, ya sha maganin ranar tafiyarki ko sau ɗaya ne, ya kai ki a hankali. Ya juya ya dubi babur ɗin. Sannan ya ce, "Malama, in kaina ne, ya yi ta ciwo. Amma ba zan sha abin da zai sa in kayar da ita a titi ba." Sai a lokacin na gane cewa duk Lahadin nan da muke takawa, ni ce ba ya so ya kayar.

Da safe zan ajiye ƙwaya da kofin ruwa kusa da kokonsa, kamar kullum. Ina so in ga kofin nan ba ruwa kafin ki hau bayansa.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannunki, ya ba ki idon ganin abin da mutane ba su faɗa ba, ya sa ki gama lafiya ki dawo ki same mu duka biyu. Ya kiyaye hanya daga Zuru har Sakkwato, ya fara da 'yar guntuwar nan daga ƙofar gida zuwa tasha, don ita ta fi tsaya mini a rai. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Maman Rifkatu.